Dam ma tsufa yake yi

To jama'a, abu uku zan faɗa a kan madatsun ruwanmu in lokaci ya bar ni. Na farko, dam tsufa yake yi kamar mutum. Tiga an gama shi a 1974 zamanin Audu Bako, yau ya haura shekara hamsin. Alau na Maiduguri a kan kogin Ngadda an kammala shi a 1986, ya yi ambaliya a 1994, ya ɓalle a Satumbar 2024, kuma kun ga abin da ya biyo baya, ruwa har gidan zoo na Sanda Kyarimi, kadoji suka fito cikin unguwa, dubban ɗaruruwan bayin Allah suka bar gidajensu cikin dare.

Galibin dam ɗin nan namu ba kankare ba ne fa, ƙasa ce aka jibge aka daddanne. Alhaji, kai da ka tashi a gidan ƙasa, katangar da ba a yaɓe ba kafin damina ya take ƙarewa? Yauwa. To kowane dam na ƙasa yana ɗan tsattsafo ta gindinsa, wannan ba komai ba ne, abin dubawa shi ne kalar ruwan. In garau yake fitowa, alhamdulillahi. In ya fara fitowa da laka, wallahi jikin dam ɗin ne ruwa yake kwashewa, rami ne yake faɗaɗa daga ciki, kai kuwa kana tsaye a sama kana ganin komai lafiya. Ku riƙe wannan don Allah, kalar ruwan. Ga gara, ga gafiya, ita gafiya ba ruwanta da kwangila, haƙa kawai take, ga saiwar bishiya da in ta ruɓe sai ta bar wa ruwa hanya. Maganinsu ma'aikaci ne da takalmin roba da littafi, ya zaga kullum, ya sare bishiya, ya shafa wa ƙofofin ruwa giris, a biya shi albashinsa. Bagauda da ya fashe a 1988, iyayenmu na nan Kano ba su manta ba.

Na uku, a'a na biyu ke nan ko, laka da yashi suna cike cikin dam, sai wurin ajiyar ruwa ya ragu. Malama na ga hannunki, bismillah.

Tana tambaya ne ko dam ɗin Lagdo na Kamaru shi ma fashewa ya yi. Hajiya, Lagdo bai fashe ba, ƙofa suke buɗewa in ya cika, ruwan ya biyo kogin Binuwai ya sauka Adamawa har Lokoja, kamar 2012 da 2022. Dam ɗin Dasin Hausa da aka shirya ginawa a Adamawa ne ya kamata ya tare ruwan a ɓangarenmu, Lagdo yana aiki tun 1982, namu kuwa har yau ba a gina shi ba, kuma mutanen bakin kogi ne suke kwana a makarantun firamare duk shekarar da ruwa ya yi yawa.