Kwamfutar da Ta Ƙi Farkawa: Me Ya Kamata Bayanin Kanel Ya Faɗa Mana?

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Abu huɗu na zo da su yau, duk a kan yadda ake rubuta bayanin zaɓuɓɓukan binciken matsalar barci da farkawa a kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Kun san abin: ka rufe kwamfuta ta yi barci, ka buɗe ta ƙi tashi. Allo baƙi ƙirin, fanka na juyawa, ita kuma ko uffan.

Na farko, ina bayanin yake? A warwatse yake. Akwai ɗan rubutun taimako a fayil ɗin kernel/power/Kconfig, wanda mai haɗa kanel ke gani in ya danna alamar tambaya. Akwai basic-pm-debugging a cikin Documentation/power, wanda Rafael Wysocki ya rubuta tun 2007. Sai bayanin fayilolin /sys/power a sashen ABI, inda ake bayyana fayilolin da kanel ke buɗe wa manhajoji. Ku riƙe wannan, mu wuce.

Na biyu, pm_test, fayil ɗin gwajin barci mataki-mataki. Sai ka kunna zaɓin CONFIG_PM_DEBUG wajen haɗa kanel zai bayyana. Matakai biyar ne: freezer, devices, platform, processors, core. Ka zaɓi ɗaya, kanel ta gangara zuwa nan, ta dakata daƙiƙa 5, ta dawo. Kamar mai shiga rijiya da igiya ne, taku ɗaya, a ja shi a ga ko lafiya. In ta maƙale a devices, wani direba ne mai laifi, wato manhajar da ke sarrafa wata na'ura. Wannan bayaninsa ya yi kyau, ba ni da ƙorafi.

Amma pm_trace! Jama'a, ku gyara zama. Ku yi tunani: na'ura ta sandare tana cikin farkawa. Allo bai tashi ba, faifai bai tashi ba, in kuma ka danne maɓallin wuta duk abin da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi ya tafi. A ina za ta bar maka saƙo? Me ke rayuwa bayan an kashe wuta? Wa zai faɗa? Yawwa, Malam, agogo! Agogon nan na kan allon uwa mai ɗan batirinsa. A 2006 Linus Torvalds, mai ƙirƙiro Linux, ya rubuta dabarar: kafin kanel ta taɓa kowace na'ura, sai ta dunƙule sunanta ya zama lamba, ta cusa lambar a gurbin kwanan wata da sa'a. In ta mutu a nan, ka sake kunnawa, ka duba saƙonnin kanel da umarnin dmesg, ka nemi layin Magic number da na hash matches, ga sunan wanda ake zargi.

Wayo ne, wallahi wayo ne. Amma me ka biya? Agogonka. Ka tashi kwamfuta tana ce maka kana wata shekarar da ba a haife ka ba. Burauza ta ƙi yarda da takardun shaidar shafuka, make, manhajar haɗa kanel, ya rikice da lokutan fayiloli, kai kuma ka shiga farautar sabuwar matsalar da kai ka jawo ta. Rubutun Kconfig ya yi wannan gargaɗin, ban ce bai yi ba, amma a can ƙarshe. Ni a ganina a layin farko ya kamata ya zauna. Wanda ke karanta wannan bayanin ba hankali kwance yake ba, na'urarsa ta mutu, ransa a ɓace. Layi biyu zai karanta. To, a layi biyun nan ka faɗa masa abin da zai rasa.

Ban gama ba. Agogo fa tafiya yake yi! An ajiye lambar da rata ta minti 3 ne, in ka tsaya amsa waya kafin ka sake kunnawa, saƙon ya lalace. Kuma gurbin ƙanƙane ne, sunaye biyu na iya faɗawa lamba ɗaya, shi ya sa aka ƙaro pm_trace_dev_match, fayil mai jero na'urorin da suka dace da lambar. Minti 3, ku rubuta. Na ce ku rubuta, ba ku ɗauki hoton allo ba.

Na uku... ko na huɗu muke? Ko ma dai wanne ne: checkpatch, mai duba tsarin gyare-gyaren kanel, yana ƙorafi in rubutun taimako bai kai layi 4 ba. Sai wasu su ja jimla ɗaya kamar roba har ta cika huɗu. (dariya) Akwai kuma pm_print_times, mai nuna tsawon lokacin da kowace na'ura ta ci. Na'am, Hajiya?

Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce allon uwarta mai firosesar ARM ne, ina mafita? Gaskiya PM_TRACE_RTC, zaɓin da ke kunna dabarar agogon nan, na firosesar x86 ne kawai. Ke sai ki haɗa wayar siriyal, ki ƙara no_console_suspend a layin kunnawa, don kada kanel ta rufe bakinta kafin ta faɗi. In babu wayar, ki nemi DPM_WATCHDOG: direba ya wuce daƙiƙa 120 bai amsa ba, kanel ta rushe da gangan ta bar sawunta a pstore, ma'ajiyar da saƙo ke tsira bayan an sake kunnawa. Sai dai ba za ki gan shi a jeri ba sai kin kunna PSTORE da EXPERT tukuna. Ana ta nuna mini agogo. Ki same ni a waje mu duba allon naki.