Taswirar Ƙwayoyin Garkuwar Jiki: Wa Ya Ce Bidiyo Ne?

[Taswira mai ɗigo-ɗigo kala-kala, da kibiyoyi a kanta]

Kun ga wannan hoton? Kwanan nan ana ta yaɗa irinsa, wai masana sun ɗauki bidiyon ƙwayar garkuwar jiki tun tana jaririya a cikin ɓargo har ta girma. Jama'a, ba haka abin yake ba. Kowane ɗigo a nan ƙwaya ce guda, kuma sai da aka fasa ta kafin ta zama ɗigo. Babu wadda aka bi ko na minti ɗaya.

[Ɗakin gwaji, ɗigon mai na wucewa ta siririn bututu]

Bari mu wuce wannan da sauri. Ana ɗebo ƙwayoyi daga ɓargo, ko daga taimus, ɗan ƙullutun nan na bayan ƙashin ƙirji inda ƙwayoyin T, wani rukuni na ƙwayoyin garkuwar jiki, suke samun horo. Kowace a kulle ta cikin ɗigon mai da lambarta, a fasa ta, a karanta saƙonnin RNA da ke cikinta, wato kwafin umarnin da ƙwayoyin gado ke aikawa. Cikin ƙwayoyin gado kusan 20,000, saƙonnin nan ne ke nuna waɗanda ke aiki a lokacin. A 2009 aka fara karanta saƙonnin ƙwaya ɗaya tak a Kambirij ta Ingila. A 2015 dabarar ɗigon mai ta fito daga jami'ar Harvard ta Amurka, aka koma dubbai. A 2020 masu aikin Human Cell Atlas, wato shirin taswirar ƙwayoyin jikin ɗan Adam, suka fitar da taswirar taimus mai ƙwayoyi kusan 200,000.

To, ga inda ake tuntuɓe.

[Hoton dangi ranar suna]

Ku ɗauka an ba ku hoto ɗaya na wani babban gida ranar suna. Ga jaririn a hannun kakarsa, ga mai rarrafe, ga 'yan makaranta, ga samari, ga dattawa a kan tabarma. Ba ku san kowa ba, amma aka ce ku jera su. Za ku iya mana. Mai tsawon nan kusa da mai kama da shi, mai gemu gaba da mai saje, mai furfura can ƙarshe. Daga hoto ɗaya kun fitar da labarin yadda mutum ke girma.

Abin da kwamfuta ke yi ke nan. Tana auna yadda saƙonnin kowace ƙwaya suka yi kama da na maƙwabciyarta, ta ja layi ta bi ta cikinsu. Manhajar Monocle ta Cole Trapnell da abokan aikinsa, a 2014, ita ta yaɗa sunan wannan ma'auni, sudotaim, wato lokacin kintace. Ku riƙe kalmar kintace ɗin nan. Ba awa ba ce, ba kwana ba ne. Taku ɗaya a kan layin yana iya zama yini, na gaba ya zama mako biyu. Kuma kwamfuta ba ta san ina ne farko ba. Mai bincike ne ke nuna mata, ya ce ga uwar ƙwayoyin jini, fara daga nan. In ya nuna mata dattijo, sai ta jera masa gidan a juye ba tare da ta yi gardama ba.

[Shagon tela, yadi a yanke]

Kibiyoyin fa? Wannan dabara ce ta 2018, ni kam tana burge ni ƙwarai. Saƙon RNA yakan fito ɗanye, sai a datse shi ya zama gamamme. Ku leƙa shagon tela: in yankakken yadi ya yi tsibi, ɗinkakku kaɗan ne, kun san aiki na ƙaruwa, Sallah ta matso. In ɗinkakku ne jingim babu sabon yanka, an kusa tashi. Da haka ake hasashen inda ƙwaya ta dosa nan da 'yan awanni.

Amma kama da wane ba ta wane. Yaro na iya yin kama da mutumin da ke gefensa alhali baƙo ne ya zo cin tuwon suna. A 2020, a Harvard, rukunin Allon Klein da Fernando Camargo suka yi wa ƙwayoyin jinin ɓeraye shaida da lambar DNA wadda 'ya'yan ƙwayar ke gada, suka bi dangin kwana da kwanaki. Sai ga shi ƙwayoyin da saƙonninsu suka yi kusan daidai sun kama hanya daban-daban, kuma fararen ƙwayoyin da ake kira monosait ta hanya biyu suke isowa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an ɗauki taswira an mayar da ita hujjar ƙarshe, bayan masu ita da kansu sun koma ɗakin gwaji don su tabbatar.

[Ƙwayar T, an matso kusa]

Ƙwayoyin T da 'yan uwansu na garkuwa, ƙwayoyin B, kuwa sun zo da tasu shaidar. Kowace tana yanka DNA ɗinta ta sake haɗa shi don ta ƙera makamar da za ta gane cuta da ita, kuma duk 'ya'yanta da wannan tsagar za su fito. A yawancin ƙwayoyin T, makamar sarƙa biyu ce: sarƙar beta ake fara haɗawa, sannan ta alfa. Manhajar Dandelion, wadda aka wallafa a 2023, wannan tsagar take karantawa ta haɗa da saƙonnin RNA wajen jera su.