Christian Okoye: Daga Jifan Faifai a Inugu Zuwa Ƙwallon Amurka

Masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. A Amurka, yawancin yaran da ke zama ƙwararru a ƙwallon zari-ruga irin tasu tun suna firamare suke fara saka hular kwano suna gwabzawa. Wanda za mu yi magana a kansa yau kuwa sai da ya kai shekara 23 kafin ya shiga wasan.

An haifi Christian Okoye a Inugu ranar 16 ga Agusta, 1961, yaƙin basasar Najeriya ya same shi yana ƙaramin yaro. Kamar kowane yaro a ƙasar nan, tamaula ya fara bugawa. Da jiki ya buɗe, sai ya koma wasannin jifa: faifai, dalma da guduma.

A 1982 ya tafi Jami'ar Azusa Pacific da ke jihar Kalifoniya. Ɗan tseren nan Innocent Egbunike, wanda ya riga shi zuwa can, shi ya yi masa hanya wajen kocinsu, Terry Franson. Ku lura, ba babbar jami'a ba ce a harkar wasanni. A lokacin tana cikin rukunin ƙananan makarantu da ake kira NAIA, inda masu farautar 'yan wasa ba su cika leƙawa ba. A nan Okoye ya yi ta lashe kambun jifa, burinsa ɗaya: gasar Olamfik ta 1984 a Los Anjalos, nan kusa da makarantarsa.

Aka fitar da sunayen tawagar Najeriya, babu nasa. Abin ya yi masa ciwo, har ya je wajen kocin ƙwallon Amurka na jami'ar, Jim Milhon, ya ce a gwada shi. Wasan da a baya ya kalla ya ce bai ga abin sha'awa a ciki ba!

Me aka ba shi? Matsayin mai rugawa da ƙwallo. Aikinsa shi ne ya karɓi ƙwallo daga hannun jagoran wasa, ya rungume ta, ya ratsa ƙattin da suka tare hanya, ana lissafa masa yadi nawa ya ci. Galibi mai nauyi ba ya da gudu, mai gudu kuma ba ya da nauyi. Shi kuwa ya haura kilo 110, amma yana cinye yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45. A ganina, shekarun da ya yi yana juyi da faifai ne suka gina masa ƙugu da cinyoyin da suka sa kayar da shi ya zama aiki. Abin da ya rage shi ne koyon dokoki da yadda ake riƙe ƙwallo kada ta suɓuce, wannan kam ya ɗauke shi lokaci.

A kakar 1986 ya ci yadi 1,680. Duk da haka masu shakka suka ce ai da ƙananan makarantu yake karawa. Sai aka gayyace shi Senior Bowl, wasan da ake tara zaƙaƙuran ɗaliban ajin ƙarshe na ƙasar baki ɗaya, ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya sau 4.

A zaɓen 'yan wasa na 1987 na NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na 2, shi ne na 35 a jeri. A 1989 ya fi kowa a gasar cin yadi da gudu, da yadi 1,480.