Daga tashi makaranta zuwa magariba: ina yaronka yake?

Wajen ƙarfe biyu na rana an tashi makarantun gwamnati a Tudun Wada, Gyallesu da Sabon Gari na Zariya. Uba yana kasuwa ko yana jan Keke Napep, uwa tana fama da sana'arta a gida. Ɗan mai hali yana da lesin. Ɗan talaka kuwa, da zarar ya kai shekara 14 ya fara ganin ya girmi Islamiyya, daga nan har magariba ba mai tambayar ina ya nufa. A wannan tsakanin ake koyon sigari da sholisho da tiramol, a nan ake haɗuwa da 'yan sara-suka. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma dokar ba ta cike wa yaro waɗannan awoyin ba.

Sai ka ji an ce a ba su ƙwallo su buga. Ƙwallo kaɗai ba ta isa. Wani bincike da aka buga a 2000 kan matasan ƙasar Suwidin ya nuna masu zuwa wuraren shaƙatawar da ba tsari, ba babba mai jagora, sun fi nuna rashin ji. Masu halartar ƙungiya mai lokaci da malami kuwa sun fi natsuwa. Shi ya sa gidan kallon ƙwallo daban, kulob mai koci daban.

Tsarin da ke aiki ba shi da tsada. Babba ɗaya amintacce, wanda iyaye suka san gidansu, ya riƙe yara 15 zuwa 20. A tsayar da rana biyu ko uku a mako, a riƙa zama na tsawon awa ɗaya da rabi bayan la'asar, a tashi kafin kiran magariba. A ajiye littafin kiran suna. Yaro ya yi fashi sau biyu a jere, a taka har ƙofar gidansu a ce, "Baba, lafiya ba mu ga yaro ba?" Wannan takawar ita ce rabin aikin. Sannan a sa abin da yaro zai ga kansa yana ci gaba: gasar unguwa, musabaƙar Alƙur'ani, muhawara, faretin 'yan sikawut ko 'yan agaji, ko ɗinkin babbar riga da Zariya ta yi suna a kai.

Ina ake samun matsala? Babbarta ita ce tara kangararru zalla wuri guda da sunan gyara. Junansu za su koya wa, ƙarami ya kwaikwayi babba. A cikin yara 20 kada masu taurin kai su wuce uku ko huɗu. Kuɗi ma na kore yara: takalmi, yunifom, kuɗin mota zuwa Samaru. Don haka a yi abin a filin firamaren unguwa, da izinin hedimasta, kayan kuma su zama na ƙungiya. Kuma in yaro ya yi laifi, a hana shi wasa ɗaya, kada a kore shi. Korarsa mayar da shi majalisar da aka ɗauko shi ne.

Koyon sana'a ma sai da lura. Shagon da maigida ba ya zama, ya bar yaro hannun manyan yaran shago, ba tarbiyya yake bayarwa ba.

'Yan mata su aka fi mantawa, alhali talla ce ke cinye yammacinsu. Uwa ba za ta saki farantin da ke kawo kuɗin cefane a banza ba. A haɗa su a gidan wata malama a cikin unguwa, su koyi ɗinki, saƙa ko haɗa sabulu, a tsara yadda kayan farko da suka sayar kuɗin zai shiga hannun uwar.