Ƙubbar Zinare: Wa Ya Gina Ta, Kuma Ta Ina Aka Sani?

[Hoto: ƙubbar zinare ta Birnin Ƙudus daga sama]

Wannan hoton ya sake yawo a WhatsApp, an rubuta a ƙarƙashinsa "Masallacin Al-Aƙsa". Wasu sun ce ba shi ba ne, wasu kuma sun ce Sayyidina Umar ne ya gina shi. Rigima ta kaure a ƙasan rubutun har da zage-zage.

Amsar farko mai sauƙi ce. Sunan Al-Aƙsa ya haɗa harabar nan gaba ɗaya. Inda ake jam'i shi ne wancan ginin mai ƙubba launin toka a ɓangaren kudu. Mai zinaren nan kuwa Ƙubbatus Sakhra ce, an gina ta a kan wani dutse. Zinaren ma na jiya-jiya ne: Sarki Husaini na Jodan ne ya biya kuɗinsa a shekarun 1990.

Tambaya ta biyu, wato wa ya gina ƙubbar, ita ce mai ɗan wuya, kuma a nan ne mutumin da za mu yi magana a kansa ya shigo.

[Hoto: Oleg Grabar]

Oleg Grabar, masanin tarihin zane-zane da gine-ginen Musulunci. An haife shi a Strasbourg ta Faransa a 1929. Mahaifinsa, André Grabar, masani ne na zane-zanen daular Rumawan Gabas, don haka gadon gida ya ci, sai dai shi ya juya fuska zuwa gine-ginen Musulunci na farko. Ya tafi Amurka a 1948, ya gama digirin digirgir a Jami'ar Princeton a 1955, ya koyar a Michigan, sannan Harvard daga 1969. Ya yi tono a hamadar Siriya, a wani tsohon gini na Banu Umayya mai suna Ƙasrul Hair. Ya rasu a 2011. Shi ke nan tarihin, mu koma ginin.

[Kyamara ta shiga ciki, tana bin bango a hankali]

Ku kalli saman bakan-gizon nan. Rubutu ne na kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, da aka jera da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinare, tsawonsa ya kai wajen mita 240. A ƙarshensa an rubuta sunan wanda ya gina ƙubbar da shekarar. Sunan da ke wurin: Al-Ma'amun, halifan Abbasiyawa. Shekarar: 72 bayan Hijira, wato 691 zuwa 692.

To ga matsalar. An haifi Ma'amun a shekara ta 170 bayan Hijira. Ta yaya zai gina abu kusan shekara ɗari kafin a haife shi?

Ku matso da kyamarar. Haruffan sunan a matse suke, ba su zauna daidai ba, launin bayansu ma ya ɗan bambanta da na sauran. An cire sunan asali, an cusa na Ma'amun, amma aka bar shekarar yadda take. Wanda ke kan gadon halifanci a shekara ta 72 kuwa Abdul Malik ɗan Marwan ne, na Banu Umayya. Masu bincike sun gano wannan tun ƙarni na 19, kafin Grabar. Ni dai a ganina, ma'aikacin da ya manta da shekarar nan ya yi wa masana tarihi babban alheri. Sayyidina Umar kuma ya rasu a shekara ta 23, kun ga ba shi cikin lissafin.

[Hoto: rawuna da kayan ado a jikin bango]

Abin da Grabar ya ƙara, a wata maƙala da ya fitar a 1959, shi ne cewa a karanta bangon kamar wasiƙa, a tambayi wa aka rubuta wa. Ayoyin da aka zaɓa sun haɗa da Ƙulhuwallahu da ayar Suratun Nisa'i da ke kiran Ma'abota Littafi kada su wuce gona da iri a addininsu, da ayoyi kan Annabi Isa, Alaihis Salam. Ƙudus a lokacin cike take da Kiristoci da manyan coci-coci. Ga kuma hotunan rawunan sarauta irin na Rumawa da Farisa, daulolin da Musulmi suka ci da yaƙi. Sai Grabar ya ce ginin sanarwa ce ta sabuwar daula ga mutanen garin.

A kula, Grabar ba malamin addini ba ne, kuma ba fatawa ya bayar ba. Darajar wurin a wajen Musulmi tana cikin Alƙur'ani da Hadisi. Shi tambayarsa ita ce me Abdul Malik yake son faɗa. Ba duk masana suka yarda da shi ba, shi kansa ya ci gaba da gyara ra'ayinsa har ya fitar da littafi guda a kan ƙubbar a 2006.

[Hoto: bangon waje]

Shuɗin tayal ɗin waje kuma, wanda kowa ke ɗauka a hoto, ya samo asali ne daga gyaran Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya a ƙarni na 16, fiye da shekara 800 bayan Abdul Malik.