Kwamfuta ta yi nauyi: shin manhajar shara ce maganinta?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce ke magana. Tare da ni akwai Malam Kabiru, mai shagon buga takardu da cike fom, sai kuma Injiniya Auwal, wanda gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Barkanku da hantsi.

Kabiru: Barka kadai, Malama Hadiza.

Auwal: Yawwa, sannunmu da zuwa.

Hadiza: Tun kafin mu kunna na'ura na tarar da ku kuna musu, shi ya sa na ce a ajiye abin da muka shirya, a yi wannan. Malam, me ya haɗa ku?

Kabiru: Ba wani abu ba ne. Kwamfutoci 4 gare ni a shago. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci, kafin mutane su dawo, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya in kunna CCleaner, manhajar share kwamfuta. Takan nuna mini ta share giga 2, wani lokaci 3. Kuma wallahi ina jin sauƙinsu a hannuna. Yau na faɗa wa Injiniya, sai ya ce wai ɓata lokaci nake yi.

Auwal: Allah ya gafarta Malam, ban ce ba ka ji sauƙi ba. Na yarda ka ji. Tambayata ɗaya ce: idan ka gama sharar, me kake yi?

Kabiru: Sai in danna Restart, ta mutu ta sake tashi.

Auwal: To a sauran kwanakin mako fa?

Kabiru: Da dare yaro yakan danna Shut down, mu rufe shago.

Auwal: To ka ga inda maganar take. Tun daga Windows 8 aka sa wani tsari na saurin tashi. Idan ka danna Shut down, Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya, takan adana wani ɓangare na halin da take ciki a faifai, da safe ta ɗauko shi ta ci gaba. Duk gajiyar jiya tana nan. Restart ne kawai ke sauke komai a fara daga farko. Ke nan sau ɗaya a mako kwamfutocinka ke samun hutu na gaske, kuma ranar ce ranar da kake sharar. Sai yabon ya tafi ga manhaja.

Kabiru: Ikon Allah. To giga 3 ɗin da nake gani fa? Ai ba ƙarya take yi ba.

Auwal: Ba ƙarya ba ce, ta share ɗin. Amma mene ne abin da ta share? Mafi yawansa ajiyar wucin gadi ce ta birauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome. Duk shafin da ka buɗe, birauza takan ajiye hotunansa da tambarinsa a kusa, don gobe idan ka koma kada ta sake sauko da su. Malam, fom ɗin da aka fi nema a shagonka, a ina kake ajiye shi?

Kabiru: A kan tebur mana, kusa da hannu.

Auwal: To a ce duk Juma'a wani ya zo ya kwashe su ya zuba a kwandon shara, ya ce maka ya gyara tebur. Teburin ya yi fes, amma ranar Asabar sai ka sake bugawa. Haka birauzarka ke yi, kuma da datarka take sake sauko da su. Shafukan rajistar jarrabawa da kake buɗewa sau 50 a yini, su ne ake share wa ajiya.

Hadiza: Wannan kam ta taɓa aljihu. Amma Injiniya, akwai wani maɓalli da ya fi ba mutane tsoro, wanda ke cewa an samu kurakurai a rijistar Windows. Ni kaina na taɓa ganin an rubuto mini sama da dubu, da jan rubutu.

Auwal: Wannan shi ne wanda na fi jin takaicinsa. Rijista babban littafi ne da Windows ke rubuta saitin kowace manhaja da kowace na'ura da aka jona. Idan ka cire manhaja, takan bar 'yan layuka a ciki. Su ake ƙirgawa a kira su kurakurai. Layukan nan ba su da nauyin komai, Windows ba ta bin littafin shafi shafi, kai tsaye take zuwa wurin da take nema. Ko ka goge dubu ba za ka ga bambanci ba. Amma ka goge guda ɗaya da ake bukata, sai firinta ta ƙi bugawa, ko wata manhaja ta ƙi buɗewa. Kamfanin Microsoft da kansa ya fitar da matsaya a rubuce cewa ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share rijista, kuma ba ya ba da tabbacin za a iya gyara ɓarnar da suka yi ba tare da an sake ɗora Windows ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kabiru: To amma ka yi adalci. Akwai ranar da ɗaya daga cikinsu ta cika, layin da ke nuna cikar faifan C ya koma ja, ko takarda ba ta iya adanawa. Sharar ce ta cece ni.

Auwal: A nan na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari. Idan faifai ya cika maƙil, kwamfuta takan yi nauyi, sabuntawa ma ta ƙi shiga. Musamman ƙananan laftof ɗin nan masu giga 32 ko 64 da ake saya wa ɗalibai. Shara tana da amfani a wannan hali. Sai dai tsintsiyar tana cikin gidan tun asali. Disk Cleanup yana cikin Windows tun Windows 98. A Windows 10 da 11 akwai Storage Sense a cikin saiti, ka kunna shi sau ɗaya ya riƙa share fayilolin wucin gadi da kwandon shara da kansa. Har tsohuwar Windows da ke zama a faifai bayan babbar sabuntawa, wadda kan ci giga masu yawa, yana iya cirewa. Ba ka sauke komai ba, ba ka biya kowa ba.

Hadiza: Bari in shigo da wani abu da na san ya faru, tunda Malam ya ambaci CCleaner. Kamfanin Piriform na Landan ne ya yi ta. A watan Yulin 2017 kamfanin Avast ya saye shi. A watan Satumba na shekarar aka gano cewa wasu ɓarayin intanet sun kutsa cikin kamfanin, sun cusa muguwar manhaja a cikin sigar 5.33, kuma mutane kusan miliyan 2.27 sun ɗora ta. Ba daga wani shafin banza suka sauke ba, daga hannun kamfanin ne, da sa hannunsa.

Kabiru: Subhanallahi. Ni ban taɓa jin wannan ba.

Auwal: Haka aka yi. Sun gyara, sun fitar da sabuwa, kuma irin wannan kutse yana iya samun kowane kamfani. Abin lura a wurina shi ne irin ikon da manhajar shara ke karɓa. Kafin ta yi aiki sai ka ba ta izinin shiga ko'ina a kwamfutar. Kai kuma Malam, a kwamfutocinka akwai hotunan fasfo na mutane, da lambobin shaidar ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. Amana ce. Duk manhajar da za ka miƙa wa makullin wannan ɗaki, ya kamata a ce aikin da take yi maka ya kai.

Hadiza: Kuma CCleaner tana cikin masu mutunci a wannan kasuwa. Akwai waɗanda tsoratarwa ce jarinsu. A 2019 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Office Depot ya biya dala miliyan 25, abokin aikinsa Support.com ya biya miliyan 10. Mutum zai kai kwamfutarsa a duba masa kyauta, a yi masa tambayoyi 4, irin su ko tana nauyi. Da zarar ya amsa e ga ɗaya, sai manhajar ta rubuto cewa an ga alamun cuta, a sayar masa da gyara. A 2024 kuma kamfanonin Restoro da Reimage, masu zama a Saifurus, suka amince su biya dala miliyan 26 kan zargin tsorata mutane da saƙonnin ƙarya, musamman tsofaffi.

Auwal: Saboda irin wannan tsoratarwa ne tun ranar 1 ga Maris 2018 Microsoft ya sa Windows Defender, rigakafin da ke cikin Windows, ta fara cire duk manhajar shara da ke nuna saƙon firgitarwa don a biya kuɗi. A nan wurinmu abin ya ɗauki wata siga. Mutane kaɗan ne za su ciro dala su biya. Idan jan rubutu ya fito ya ce sai ka biya kafin a gyara, sai yaro ya tafi neman wadda aka fasa wa kulle, wato kirak. Umarnin farko da za a ba shi shi ne ya kashe rigakafin kwamfutar kafin ya ɗora. Ya kashe da hannunsa. Bayan mako 2 a kawo mini ita, talla na ɓullowa ta ko'ina, fanka na ihu ba a buɗe komai ba. An je neman ƙiba an samo rama.

Kabiru: To na ji. Amma nauyin nan gaskiya ne, ba mafarki muke yi ba. Idan ba shara ba, mene ne?

Auwal: Yawwa, wannan ita ce tambayar. Kwamfutar da kanta za ta faɗa maka. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka dubi abu 3: firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, RAM, wato inda ake riƙe aikin da ke buɗe yanzu, da faifai. Wanda ya tsaya a 90 ko 100 cikin 100, shi ne mai laifi.

A yawancin laftof na hannu da ake kawo mini, waɗanda aka sayo a Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja, faifan ne. Tsohon faifai ne mai juyawa, da allura a kansa kamar garmaho, yana zagaye sau 5,400 a minti. Idan ya yi ƙoƙari ya karanta megabait 100 a daƙiƙa. SSD ta talakawa, wato sabon nau'in faifai marar juyawa, tana kai 500, kuma ba ta da allurar da za ta yi yawon neman fayil, wanda a nan ne babban bambancin yake. Na sha sauya wa mutum faifai, kwamfutar da ke cin minti 3 kafin ta tashi ta koma tashi kafin ya gyara zama. Babu manhajar da za ta yi wannan, domin matsalar ƙarfe ce.

Na biyu RAM. Giga 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa. Ka buɗe Chrome da shafuka 10, ka buɗe Word, ya ƙare. Sai kuma manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta ba a kira su ba, a nan cikin Task Manager ake kashe su. Wasu kuma rigakafi 2 ko 3 suke tarawa, kowace tana binciken 'yar'uwarta.

Hadiza: Ban ji ka ambaci ƙura ba, ga shi muna cikin hunturu.

Auwal: Na bar ta ƙarshe ne don ita ce tamu. Malama Hadiza, da za ki ga abin da nake cirowa daga bakin fanka a watan Janairu da Fabrairu, kamar audugar katifa. Iska ba ta fita, firosesa ya yi zafi, shi kuma an ƙera shi ne ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Mai ita yana ganin nauyi, yana ta danna shara, alhali numfashi ne ya gagare ta. Ga zafin Afrilu na tafe a kai. Ga masu ɗora laftof a kan katifa ko darduma, su toshe ramukan ƙasa. A buɗe ta, a hure ƙurar, a sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi idan ya bushe. Wannan ce sharar da nake karɓar kuɗi a kanta da kwanciyar rai.

Kabiru: Tawa ta kusa da ƙofa, tunda na saye ta ba a taɓa buɗe ta ba. Shekara 4 ke nan.

Auwal: Ita za mu fara dubawa.

Hadiza: Kafin lokaci ya ƙure, waya fa? Ai a nan mutanenmu suka fi danna roka ɗin nan mai tashi sama na manhajojin shara.

Auwal: Labarin ɗaya ne. Android takan bar manhajoji a RAM da gangan don su buɗe da sauri. Ka kore su, su sake tashi, batir ya tafi a banza. A Fabrairun 2020 Google ya cire manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda tallan da ke damun mutane, ciki har da na kamfanin Cheetah Mobile, masu Clean Master. Daga Android 14 ma an hana wata manhaja kashe ayyukan wata a bayan fage. Wanda wayarsa ta cika ya shiga saitin WhatsApp, wurin ajiya da data, ya ga bidiyon biki da na wa'azi da aka turo masa sau 5 daga zaure 5.

Kabiru: To Injiniya, ni dai ba zan cire tawa yau ba, sai na gani da idona. Ga abin da zan yi. Juma'ar nan, 2 zan yi musu shara da Restart kamar kullum, 2 kuma Restart kawai. In sa agogo in ƙirga tashinsu da buɗe shafin da muka fi aiki da shi.

Auwal: Na yarda. Sharaɗi ɗaya: ka ƙirga kowacce kafin da bayan, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kuma kada ka taɓa maɓallin rijista. Ta kusa da ƙofar kuma ka aiko yaro da ita ranar Asabar da safe, kafin kasuwa ta cika.

Hadiza: Malam zai zo mana da takardar lissafinsa a shiri na gaba, mu karanta ta a nan yadda ta fito. Malam Kabiru, Injiniya Auwal, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.