In Tsohuwar Bas Ta Ƙi Tashi a Hanya, Fara da Kunne Kafin Sifana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Yau zancen tsofaffin bas za mu yi, irin su Hiace da L300 da Urvan da ke lodi a Kwangila ta Zariya kullum safiya, wasu su nufi Kano, wasu Funtuwa, wasu su bi ta Pambeguwa zuwa Jos. Ko ta haya ce ko ta gida da ake kwasar iyali zuwa biki, abin da ke ɗaga hankalin direba ɗaya ne: an tsaya salla ko shan mai, an dawo an murɗa makulli, mota ta ƙi tashi.

In a bakin titi abin ya same ka, fara da rayukan mutane. A tura ta gefe sosai, a ja birkin hannu, a kafa alamar nan mai kusurwa uku can baya, fasinja su sauka su nisanci kwalta. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce, ka ajiye ta a wayarka.

To malam direba, roƙona gare ka kar ka yi ta murɗa makulli. Kowace murɗawa tana zuƙe batir, kik kuma, wato na'urar da ke juya injin in an murɗa makulli, yana ɗaukar zafi. Daƙiƙa 10 ta isa, sannan ka ba shi hutun rabin minti. Kashe rediyo, ka roƙi jama'a su ɗan yi shiru, ka murɗa sau ɗaya kana saurare. Ƙarar da ka ji ita za ta nuna maka inda za ka kai hannu.

In ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ko injin na juyawa da ƙyar, wuta ce ba ta isa. Ga gwaji mai sauƙi: kunna fitilun gaba, yaron mota ya tsaya yana kallo, kai kuma ka murɗa. In fitilun suka dushe, matsalar tana batir ko kan batir, wato inda ake ɗaure wayoyinsa. Amma kar ka yi saurin yanke wa batir hukunci. Ka san farin garin nan mai ɗan kore da ke taruwa a kan batir? Shi kaɗai ya isa ya hana mota tashi alhali batirin lafiyarsa ƙalau. Kama kan da hannu ka juya. In ya motsa, ka samu ɓarawon. Ɗauko sifana mai lamba 10, ka fara cire na baƙar waya, sannan na ja, ka kankare su har ƙarfen ya yi haske, ka mayar da na ja tukuna, ka ɗaure tamau. Bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, don tsatsa na cin wurin, kuma ba kowa ke tunawa da shi ba.

Wanda ke da ɗan mitan awon wuta ya huta da zato. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6 in mota na kashe. In ya faɗo ƙasa da 12, ya yi sanyi. Bayan ta tashi kuma, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ka ga bai kai 13 ba, altaneta ba ya caji, ko fanbel ya saki, kuma in ka kashe ta a gaba, turi za a sake yi. Akwai wata ɗabi'a da nake so mu daina, wato cire kan batir mota na aiki wai don a gwada caji. Hakan na iya ƙona altanetan kansa, in kuma mai injekta ce har kwamfutarta sai ta tafi.

In kuwa ƙas ɗaya ka ji, fitilu kuma na nan da haskensu, kik ne. Wannan ya fi faruwa bayan doguwar tafiya. Ka taso daga Zariya lafiya, ka tsaya Kwanar Ɗangora, injin ya yi zafi, burushin cikin kik da ma ya cinye, sai ya maƙale. Sa giya a firi, birkin hannu a sama, wani ya murɗa makulli kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifanar taya, a hankali, ba duka ba. Sau da yawa zai kama. Wannan dabarar kai ka gida ce kawai, gobe ka kai wa mai wayarin ya buɗe shi. In bai kama ba a tura: makulli a kunne, giya ta biyu, ka taka kuloci, in ta ɗauki gudu ka saki. Mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi.

Yanzu ga wanda ya fi ruɗa mutane: injin na juyawa sarai amma ya ƙi kamawa. A mai fetur abu biyu za ka nema, mai da tartsatsi. In mai injekta ce, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kunnuwa, ka kasa kunne wajen tanki. A yawancin motoci za ka ji famfon mai ya yi 'yar ƙara ta daƙiƙa biyu. In shiru ne, duba fiyus ɗinsa kafin ka yarda a ce maka famfo ya mutu. Tartsatsi kuma, zare wayar fulogi ɗaya, ka sa mata fulogin da ka ajiye na ko-ta-kwana, ka jingina shi da ƙarfen injin ba tare da hannunka na kai ba, a murɗa. Shuɗin tartsatsi mai ƙarfi ake so. In babu, duba kwil da murfin distirbita. Da damina danshi kan shiga murfin nan, goge shi da busasshen tsumma kawai sai ka ga ta tashi.

Shi ma man ana zarginsa. Man 'yan bumburutu yakan zo da ruwa ko datti ya toshe matatar mai, mota ta riƙa shaƙewa a hawa tana mutuwa. Ba a galan kaɗai ake samun gurɓataccen mai ba, mun ga abin da fetur mai yawan methanol ya yi wa motoci a ƙasar nan a Fabrairun 2022. Ajiye sabuwar matata a mota, ba ta da nauyi. Mai kafireto kuma, a zafin Maris da Afrilu fetur kan zama tururi a cikin bututu, famfo ya kasa ja. Ɗaga kujera iska ta shiga, ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon, ka jira. Amma don Allah kar a tsiyaya fetur a bakin kafireto ana murɗawa. Injin waɗannan motocin a ƙarƙashin kujerar gaba yake, in ya yi tari ya watso wuta, a cikin mota gobarar za ta tashi.

Mai gas, wato dizal, ba ruwanta da fulogin tartsatsi. Da asubahin hunturu, a sanyin Disamba da Janairu na Zariya, jira fitilar hita, wato fulogan da ke ɗumama cikin injin, ta mutu kafin ka murɗa, in ta kama ka maimaita sau biyu. Farin hayaƙi na fita ba ta tashi ba, alama ce hita sun gaji. In man ya ƙare maka ko an canza matata, iska ta shiga layi; danna ɗan famfon da ke saman matatar har sai ya yi tauri a hannunka.

Sai wadda ta mutu tana cikin tafiya. Jar fitilar batir ta kunnu, allurar zafi kuma na hawa? Fanbel ya tsinke, domin a yawancinsu shi ke juya famfon ruwa. Tsaya nan take. Kar ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya haura digiri 100, kai kuma fuskarka na sunkuye a kansa. Ba shi aƙalla rabin awa. In ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya haɗu da mai, gasket ya ƙone, kar ka sake tayar da ita. Haka in fitilar baƙin mai ta kunnu kana gudu, kashe injin kafin ya buga.

Akwai kuma ƙarar da in ka ji ta, sai ka janye hannu daga makulli. Mota ta mutu farat ɗaya, ka murɗa, kik na gudu fiye da yadda ya saba, ba nauyi. Mai yiwuwa bel ɗin taimin ne ya tsinke. A injinan gas na Hiace irin 3L da 5L, ana canza shi ne wajen kilomita 100,000, kuma in ya tsinke fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa su. Wannan ba gyaran bakin hanya ba ne. Kira bakanikenka, ka gaya masa ƙarar da ka ji da abin da ka riga ka duba, don ya san kayan da zai taho da su. In jan ta za a yi, a nemi ƙarfen ja maimakon igiya, domin in injin na kashe birki yana yin tauri ƙwarai, sai ka taka da ƙarfi kafin ya kama. Duwatsu da ganyen da kuka jera a titi kuma a kwashe su kafin a tashi, saboda mai babur da zai biyo da dare.